Gurbin Keke Ɗaya a Kan Motar Mati

Duk wanda ya saba bin hanyar Ɗambatta zuwa Kano ya san Mati, ko bai san sunansa ba ya san motarsa: wata tsohuwar bas fara, wadda ƙofarta sai an ɗaga an ja take rufuwa. Mutumin Unguwar Ƙaura ne, ƙauyen da gonakinsa suka haɗe da na maƙwabta har ba a gane iyaka sai da layin gamba. Da noma ya tashi. Tuƙi kuwa ya koya ne bayan an raba gadon mahaifinsu, ya ga ɗan fegin da ya samu ba zai ciyar da shi da matarsa Barira ba. Mutum ne marar yawan magana, mai kaffa-kaffa da kayan mutane. Ba ya ɗaukar yaron mota. Shi yake hawa sama ya yi ɗauri da hannunsa, yana cewa igiyar da wani ya ɗaure ba ta barinsa ya yi tuƙi cikin natsuwa.

Da fetur ya yi tsada, mutane suka jingine babura suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Mutum zai tako daga ƙauye zuwa bakin kwalta, ya ce a ɗora masa keken a sama, in ya sauka a birni ya ci gaba da takawa. Kariyar motar Mati kuwa, ƙarfen nan na kan rufi da ake ɗaure kaya, tsatsa ta gama cinye ta. Ranar da keken wani magini ya kusa zamewa ya faɗo tsakiyar titi, Mati ya ce ya isa haka. Yana sauke fasinja ya wuce Bacirawa, wurin Jaji mai walda, wani Babarbare haifaffen Kano.

Jaji ya nuna masa sabuwar kariya mai shuɗin fenti, ya ce in yana so a yanke ta daidai motarsa. Amma idon Mati yana kan wata tsohuwa da ke jingine a bango. Ƙarfenta mai kauri ne, kuma wanda ya ƙera ta ya jera mata 'yan ƙarafuna a tsaye, inda tayar keke za ta shiga ta zauna daram.

"Wannan fa?" in ji Mati.

"Bar waccan, Malam Mati. Ga sabuwa."

"Sabuwarka bututu ce, damina biyu ta ruɓe. Wannan ƙarfen da ne."

Jaji ya daɗe yana goge hannu da tsumma kafin ya ce, "'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su ne suka kawo min ita. Wani direba ya ɗaura, ba a jima ba ya dawo da ita ya jingine a nan."

"Me ya gani a jikinta?"

"Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba."

Mati ya gwada ta a kan rufin, ta zauna kamar don motarsa aka yi ta. Ya ce ita yake so.

Da farko ya ji daɗinta. Kekuna suna tsayawa a jere, babu mai gogar wani. Sai dai gurbin gaba na hannun dama ya ƙi riƙe komai. Zai sa keke a ciki, ya ɗaure da roba tamau, in an isa Ɗambatta ya tarar an kwance ɗaurin, keken ya kwanta a jikin na kusa da shi kamar an ture shi. Robar ba ta tsinke ba, kwance ta aka yi. Ya canza salon ƙulli, bai hana ba. Daga baya ya daina sa komai a gurbin. Wani lokaci kuma, in hanya ta yi shiru, yakan ji ƙarar kaca a saman kansa, irin ƙarar nan ta keken da aka daina takawa yana gangara. Bai faɗa wa kowa ba, ko Barira.

Wata rana da la'asar sakaliya suna dawowa daga Kano, mota cike da mata 'yan biki. A kujerar gaba akwai Malam Ikrima, malamin firamaren ƙauyensu. Rana ta karkata yamma, inuwar motar tana gudu a gefen dama, kan gonakin da aka riga aka girbe.

"Malam Mati, keken waye a sama?"

"Yau babu keke. Buhun shinkafar matan nan ne kawai."

"To wannan inuwar fa?"

Mati ya gangara gefen titi ya tsaya. Suka fito su biyu suka ɗaga kai: buhu ne da ƙarfe, babu komai. Suka sunkuyar da kai ƙasa. Ga inuwar mota, ga ta buhu, ga kuma inuwar keke a tsaye a gurbin gaba, da sirdinsa da wani abu kamar jarka a bayansa. Tayar gaba tana juyawa a hankali, alhali ko ganye ba ya motsi. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta gani, ta ɗauki salati, sauran suka kama. Rabin matan suka sauka, suka ce ƙafa ta kai su. Waɗanda suka rage suka yi ta addu'a har Ɗambatta.

Da gari ya waye Mati ya koma Bacirawa. Wannan karon Jaji bai yi musu ba, ya bi 'yan gwangwan ɗin har ya samo labari. Kariyar ta wata bas ce da ke shiga ƙauyukan Tsanyawa. A wata damina mai ƙarfi direbanta ya shiga rafi yana ganin zai wuce, injin ya mutu a tsakiya. Kowa ya fita lafiya. Sai wani Badaru, mai tallan manja a keke, ya koma ya hau rufin don ya kwance kekensa, domin da shi yake ci. Yana cikin kwancewa ruwa ya ƙaru ya kifar da motar. An tsamo motar, amma shi da keken ba a ƙara ganinsu ba.

Mati ya kai maganar wurin limamin Unguwar Ƙaura. Liman ya ce, "Wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa. Amma ba mu kaɗai Allah ya ajiye a bayan ƙasa ba. Ka yi wa bawan Allahn nan sadaka, ka cire ƙarfen." Mati ya yi sadakar, amma ya ce ba zai jefar da ƙarfen ba sai ya ga mutanen Badaru.

Suka tafi ƙauyukan Tsanyawa shi da Malam Ikrima da hantsi, mota babu fasinja. Tambaya ta kai su wani gida na ƙasa a bakin gonar dawa, inda suka sami mahaifiyar Badaru, Inna Hure, tana ɓarar gyaɗa a zaure. Mati ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗa mata komai, yana jin nauyin kowace kalma. Ba ta yi kuka ba. Ta dogara sanda ta fito, ta tsaya ta daɗe tana kallon rufin motar.

"To ka sauke masa mana, ɗan nan," in ji ta. "Ai an iso gida."

Mati ya yi bisimilla ya hau. Rana tana dukan ko'ina, amma da ya dafa gurbin gaba sai ya ji shi da sanyi, jiƙe da ruwa, har da 'yar laka. Ya miƙa hannu biyu kamar mai ɗaga keke, ya sauko a hankali, ya je jikin bangon zauren ya jingine. Malam Ikrima ya ce shi bai ga komai a hannunsa ba, amma ya ga jijiyoyin damtsensa sun tashi. Inna Hure ta ce, "Allah ya ji ƙanka, Badaru." Sannan ta koma kan gyaɗarta, ta ƙulla musu kaɗan a leda.

Daga ranar gurbin ya riƙe keke kamar sauran. Mati ya ci gaba da tuƙinsa har ciwon baya ya hana shi hawa sama, ya sayar da motar ya koma gona. Amma ya kwance kariyar tukuna, ya ce ba ta cikin ciniki. Tana nan jingine a bayan rumbunsa. In aka tambaye shi abin da ya ɗauko ranar, sai ya ce Allah ne masani, ya kawo zancen taki. Barira ce takan ce kajinta suna hawa kan danga, da turmi, da kan rumbun ma, amma ba ta taɓa ganin ko ɗaya a kan ƙarfen nan ba.