Muryar da ke yi wa Baba karatu

Na haɗa manhajoji da yawa, wasu ko sunansu ya ɓace mini, amma har abada ba zan manta da lokacin da ta mahaifina ta gagare ni ba.

Baba tsohon malamin makaranta ne a Unguwar Hajji ta Ƙaraye. Da ciwon ido ya raba shi da gani, ba duhun ne ya fi ƙona masa rai ba, a'a, miƙa wa wani waya ya karanta masa saƙo. Mutane suna kawo masa matsalolin gidajensu, shi kuwa ko ni 'yarsa ba ya yarda in ji. Shi ya sa na haɗa masa 'yar manhaja mai karanta saƙo da Hausa.

Mu masu wannan sana'a ba ma gina komai daga tushe. Akwai wata babbar ma'ajiya a intanet inda mutane ke zuba guntayen aikinsu kyauta. Ke dai ki ambaci waɗanda kike so, sai manhajar haɗi ta je ta kwaso su, ta ɗinke su da naki. Cikin abin da na aro har da murya. Wani bawan Allah ne ya naɗi tasa ya zuba, murya mai kauri, ba gaggawa. Baba "abokina" yake ce masa.

Wata rana wayar ta faɗa bokiti yana alwala. Muka sayi sabuwa, ita kuma ta ƙi karɓar tsohuwar manhajar, dole sai an sake haɗawa. Kwamfutata kuwa ba a daɗe da goge ta wajen gyara ba. Na kunna manhajar haɗi, ta kwaso wannan, ta kwaso wancan, sai ta tsaya cak, ta ce babu muryar a ma'ajiya.

Da farko sabis na ɗora wa laifi, don ba a raba shi da rashin mutunci. Na zagaye tsakar gida da kwamfuta a hannu ina ta masifa. Sai da na bincika sosai na tarar da sanarwar da ƙanin mutumin ya bari: Allah ya yi wa yayansa rasuwa, an rufe shafinsa. Aikin nasa ma ya tafi tare da shafin. Na kasa faɗa wa Baba.

Saƙonni suna ta shigowa, waya na ƙara, Baba na zaune da ita a cinya.

"Baba, ko in karanta?"

"Bar su, Uwata. Abokina zai karanta."

Na gwada masa wata muryar ta inji. Ya saurari layi guda ya ce, "Wannan a kaina zai koyi Hausa? Kashe shi."

Sai na tuna da wata ƙawata da ke koyarwa a Rogo, wadda ta taɓa haɗa wa gwaggonta irin wannan manhajar da wannan muryar. Manhajar haɗi takan ɓoye kwafin duk abin da ta taɓa kwasowa. Na hau babur cikin taɓon damina ina addu'a kada a ce ita ma ta goge tata. Muka buɗe, ga muryar nan kwance a wani lungu na kwamfutar. Wallahi sai da na yi hawaye.

Da na dawo na sa wa Baba, ya shige ɗaki ya saurari saƙonninsa shi kaɗai. Bayan ya fito na faɗa masa gaskiya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Shekara da shekaru mutum yana yi mini karatu a ɗakina, ban taɓa ce masa sannu ba. Yana da iyali?"

Na ce ƙaninsa kaɗai na sani. Ya ce in rubuta wa ƙanin ta'aziyya. Yana faɗa kamar wanda ya rasa maƙwabci, ina rubutawa. Da muka gama ya ɗaga hannu ya daɗe yana yi wa mamacin addu'a.

Daga ranar na daina ɗaukar ma'ajiyar nan a matsayin abin da ba ya ƙarewa. Kowane guntun aiki a cikinta wani mai rai ne ke riƙe da shi, kuma mai rai mamaci ne. Yanzu duk abin da na aro sai na ajiye kwafinsa a wurina, sannan in nemi mai shi in yi masa godiya tun yana iya amsawa.