Matar da Ta Koya Mini Tafiya a Kusko

Daga Sersouf zuwa Alje

Ƙarfe biyar na asuba, ina sallame salla, motar Mushe Andre ta tsaya a ƙofar gidana a unguwar Sersouf, cikin Tamanrasset. Matata Hadiza ta miƙo mini ƙunshin kilishi da dabino da ganyen shayi.

"Malam, ƙasar nan da za ka, akwai Musulmi kuwa?"

"In babu, ai ga shi na je," na ce mata. Ba ta yi dariya ba.

Ni Habu ne, mutumin Damagaram. A lokacin, 'yan shekaru bayan Faransawa sun bar Aljeriya, shekarata tara a Tamanrasset ina bin Baba Ghali, wani tsohon Buzu mai kai baƙi dutsen Assekrem su ga fitowar rana. Ni ke ɗaukar kaya, ni ke dafa shayi, ni ke magana da Faransanci. Tsohon ya riga ya ce daga ƙarshen sanyin bana zai ajiye aiki, kuma wanda ya ambata, shi buro, wato ofishin kula da baƙi, zai ɗauka jagora. Kowa ya ɗauka ni ne. Ni ma haka na ɗauka.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne wani tsohon Bature da muka hau da shi. Daga inda mota ke tsayawa zuwa saman dutsen, ni minti goma sha biyar nake yi, kuma ina son a san haka. Ran nan na yi gaba da matasa, ina waiwayowa ina cewa a yi sauri rana ba ta jira. Tsohon Baturen ya zauna kan wani baƙin dutse a tsakiyar hanya, ya kasa ci gaba. Baba Ghali ya zauna tare da shi har gari ya waye. Da muka sauko ya ce mini, "Habu, ka san hanya, amma ba ka san tafiya ba. Ba zan ba ka mutane ba." Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma ban gane ta ba. Wa ya fi ni tafiya a duk duwatsun Hoggar?

Da wannan ciwon na karɓi tayin Mushe Andre, wani mai nazarin duwatsu da nake riƙe wa jaka da guduma. An gayyace shi Peru ya duba duwatsunsu, ya ce ba mai jera masa samfuri kamar ni.

Jirgi ya tashi ƙarfe bakwai. Muka sauka In Salah, muka sauka Ghardaya, muka isa Alje, babban birnin ƙasar, da la'asar. Kwana biyu muka yi muna bin buro-buro saboda takarduna. Wani jandarma ya juya fasfona na Nijar sau uku ya ce, "Peru? Me za ka sayar can?" Na ce masa duwatsu zan ɗauko. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya buga hatimi.

Paris, Lima

A Paris kwana ɗaya kawai muka yi, ban ga komai ba sai ruwan sama da bayan mutane. Daga nan muka shiga babban jirgi. Ya sauka wani tsibiri, ya sauka Karakas, ya sauka Bogota, rana kuwa ta ƙi faɗuwa. Agogona ya ce magariba, taga ta ce azahar. Na bi taga na yi salla, na roƙi Allah ya karɓa.

Lima gari ne na bakin teku, samansa fari fat kamar tsohon zane, ba rana ba ruwa. Ɗan dowan, mai binciken kaya, ya buɗe ƙunshin Hadiza, ya shinshina kilishi, ya gutsura, ya ƙara gutsura, sannan ya ce mu wuce.

Kusko, ranar farko

Ƙarfe shida na safe muka hau wani ƙaramin jirgi mai farfela. Da ya fara ƙetare duwatsu masu farin ƙanƙara a kai, sai aka ba kowa wani siririn tiyo na roba wai a sa a baki a sha iska. Mushe Andre ya sa nasa. Ni na ajiye nawa a cinya. Na ce masa mutumin da ke hawa Assekrem da buhu a baya ba ya tsotson roba kamar jinjiri.

"Habu, Kusko ta fi Assekrem tsawo da mita ɗari bakwai," ya ce, "kuma can mutane ke kwana."

A masauki matar gidan ta kawo mana ruwan zafi da wasu ganye a ciki, wai koka, maganin ciwon tudu. Mushe Andre ya ce kamar goro ne wurinsu. Na ƙi sha, don ban san hukuncinsa ba, kuma gaskiya don ina ganin ba ni da bukata. Na hura gawayi na ɗora butata. Ruwa ya tafasa da wuri, amma shayin ya fito salam, ba ƙarfi ba ɗaci. Na ɗora laifin kan gawayinsu.

Kusko, rana ta biyu

Kafin mu fita daji, Mushe Andre ya ce mu bi masu zaga gari da ƙafa. Ƙarfe tara muka haɗu a babban dandali: mu biyu, da wani saurayi ɗan Beljika da amaryarsa, da jagorarmu. Sunanta Madam Paulina, tsohuwar malamar lekkol, wato makarantar boko, gajera, da kitso biyu har ƙugu da baƙar malafa. Faransancinta ya fi nawa. Na gaya mata ni ma jagora ne a ƙasarmu, a duwatsu. Ta ce madalla, ashe yau tana da abokin aiki.

Abin da na fara lura da shi, matar nan ba ta shiga gaba. Sai ta nuna lungu ta ce mu bi, ita tana baya. Na ce a raina wannan ba jagora ba ce, makiyayiya ce.

Ta fara da dandalin. Ta ce kafin Sifaniyawa su zo, nan ne cibiyar daular Inka, hanyoyi huɗu suka tashi daga nan zuwa kusurwa huɗu na ƙasarsu. Ta nuna babban coci ta ce da duwatsun ganuwar Inka aka gina shi. Muka bi wani matsattsen lungu mai bango biyu na baƙin dutse, muka fita gidan da suke kira Korikanca, inda Inka ke bautar rana. Sifaniyawa sun kwashe zinariyar bangon, sun ɗora coci a kai. Ta ce da aka yi babbar girgizar ƙasa shekarun baya, ginin sama ya zube, na ƙasa ko gezau.

Ban taɓa ganin gini irin wannan ba. Ba laka, ba siminti, dutse kan dutse kawai, amma na zaro wuƙata na gwada sa bakinta tsakani, ta ƙi shiga. A wani lungun ta nuna mana dutse ɗaya mai kusurwa goma sha biyu, kowace ta kama maƙwabciyarta. Na ƙirga da yatsa, sun cika.

Daga nan hanya ta miƙe sama zuwa unguwar San Bilas, matakala bayan matakala. Na yi gaba kamar yadda na saba. Ban kai taki ɗari ba na ji kamar an ɗaure mini ƙirji da igiyar raƙumi. Kaina ya fara sara. 'Yan Beljika suka wuce ni. Mushe Andre, mai furfura, ya wuce ni. Wata tsohuwa mai goyon dami tana jan lama biyu, dabbar nan mai kama da raƙumin da aka manta ba a sa wa tozo ba, ita ma ta wuce ni tana kaɗin zare. Kunya ta rufe ni. Na yanke a raina gara in faɗi matacce da in ce a tsaya.

Daidai nan Madam Paulina ta ɗaga murya daga bayana.

"Ku dawo, ku dawo, kun wuce abu mai muhimmanci."

Ta tsayar da mu gaban wata shuɗiyar ƙofa ta masu sassaƙa. Ta ba da labarin yadda kakanninsu suka koyi sassaƙar Sifaniyawa amma suna ɓoye rana da wata da masara a cikin zanen. Na jingina da bango ina gyaɗa kai kamar mai sauraro, alhali iska nake nema. Da numfashina ya dawo, labarin ya ƙare.

Muka ci gaba. Bayan matakala kamar hamsin idona ya fara ganin duhu-duhu. Sai ga muryarta kuma: mu tsaya mu dubi wata magudanar ruwa ta dutse. Ta saya mana dafaffiyar masara wurin wata mata, ƙwaya ɗaya ta kai kan babban yatsana, sol ɗaya na kuɗinsu, da ɗan cuku a kai. A karo na uku ta tsaya gaban wani bangon laka da ba shi da komai, ta ce a nan tandar unguwa take da, ta faɗi yadda mata ke kawo kwaɓinsu kowace da alamarta. Mushe Andre ya buɗe littafinsa ya rufe. Ya raɗa mini, "Wannan ba ya cikin littafi."

Ni kuwa jagora ne, na san wurin da ake tsayawa da wurin da ba a tsayawa. Na dube ta. Ba bangon take kallo ba, kuma ba ni take kallo ba. Amma ina sauke dogon numfashi sai ta ce, "To, mu je."

Ƙarfe ɗaya muka isa Saksaiwaman, ganuwar da ke saman gari, inda dutse ɗaya ya fi ɗakina girma. Garin duka yana ƙasa, jajayen rufi cikin kwari. Da sauran suka tafi ɗaukar hoto, na zauna kusa da ita.

"Madam, sau nawa kika tsaya saboda ni?"

"Ni labari na bayar," ta ce. "Ko akwai wanda na yi wa ƙarya?"

"Babu. Amma bangon nan na laka fa?"

Ta yi murmushi. "Babana da lama yake fatauci. Lama in ta gaji ba ta kuka, zama take yi, kuma in ta zauna ba mai tashe ta. Mutum ma haka, ga shi da kunya a kai. Duwatsun nan na san su, ba sai na dube su ba. Numfashin na baya nake saurare. In na ce ku tsaya wane ya gaji, na kashe masa ranar. In na ce ku tsaya ku ga ƙofa, kowa ya samu."

Tsohon Baturen nan na Assekrem nake gani zaune kan baƙin dutse, da muryata daga sama tana cewa a yi sauri. Ta zuba mini ruwan ganyen nan daga gorarta. Na tambaye ta ko yana sa maye, ta ce ko limaminsu yana sha. Na yi bisimilla na sha.

Komowa

Mako uku muka yi a daji muna fasa duwatsu, sannan muka biyo hanyar da muka je. Jirgi ya sauke mu Tamanrasset ƙarfe biyar na yamma ranar wata Alhamis. Hadiza ta ce na rame, ta tambaya ko na sami masallaci. Na ce a'a, amma na sami malama.

Bayan kwana tara Baba Ghali ya aiko: akwai baƙi shida, kuma hawansa na ƙarshe ke nan. Muka yi kilomita tamanin a mota, muka kwana a gindin dutsen, muka fara hawa da asuba. Na nuna wa baƙi hanya na koma baya. Ashe na baya shi ne Baba Ghali. Shekara tara ina gabansa, ban taɓa jin yadda ƙirjinsa ke fito ba sai ran nan.

Na tsayar da su na nuna musu tauraron da ayari ke bi. Na sake tsayar da su kan wani ɗan tsiro da Buzaye ke sa wa shayi. A karo na uku mun zo daidai baƙin dutsen nan, kuma ba ni da wani labari sai ɗaya. Na ce musu a nan wani tsoho ya zauna, ya zo daga nesa don ya ga fitowar rana, bai gani ba, saboda jagoransa yana sauri. Wata baƙuwa ta ce wane irin jagora ne wannan. Na ce ni ne.

Mun kai sama rana ba ta fito ba tukuna, mu takwas cif. Na hura wuta na ɗora buta. Baba Ghali ya zauna gefena ya gyara rawaninsa, ya daɗe yana kallon duwatsu suna yin ja.

"Habu, gobe ka je buro, ka ce ni na aiko ka."

"To, Baba."

"Kuma labarin nan na uku, ka rage masa tsawo. Tun a tsakiya na gama hutawa."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Mushe Andre da ya ɗauke ni, da Hadiza da ta riƙe gida. Madam Paulina kuwa ban sake jin labarinta ba, ko adireshinta ban karɓa ba. Na miƙa wa Baba Ghali kofin farko, ya karɓa da hannu biyu.