Kakan da na je ɗauka a Jos

Mun tashi daga Zariya da asubar Juma'a, ko shayi ban iya sha ba saboda zumuɗi. Ni da yayana ne a tsohuwar motarsa, shi direba, shi ne kuma mai riƙe mini fitila idan aiki ya kankama. Masu bina a shafin nan kun san aikina bai wuce kamu da sa lalle da walimar mata ba, duk a cikin garinmu. Na daɗe ina addu'ar ranar da za a kira ni wani gari, sai ga shi wata mata ta bugo daga Jos, wai wata ma'aikaciyar asibiti ce ta nuna mata hotunana. Ta ce in riƙa kiranta Mama.

Ga abin da ta faɗa mini a waya, don ku ma ku yi mini alƙalanci: "Yarona zai yi aure ran Asabar. Ka ɗauki kowa, amma hoto ɗaya ne ya dame ni. Kaka ne ya rene shi, kuma bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba sai wannan karon. Ana fita coci zai koma ƙauye, ba ya kwana a gidan wani. Ka ɗauke su tare." Na ji tana ce mini "ka", na ɗauka muryata ce ta yi kauri don ina mura. Na saka a raina cewa uwar ango ce, kuma aikina ango da kakansa.

Hanyar Pambeguwa tana nan yadda kuka san ta, inda ka kauce wa rami ɗaya sai ka faɗa ƙaninsa. A Saminaka muka tsaya muka ci gasasshiyar masara, yayana yana ta mitar kuɗin mai kamar ni na ƙara shi. Daga Jingir ƙasa ta fara hawa, duwatsu suka fito ɗaya kan ɗaya kamar an jera su da hannu, iska ta sauya. Ni da na fito da rigar shan iska, kafin mu shiga gari na naɗe hannuwana a cikin hijabi. Muka sauka gidan wata gwaggonmu a Nasarawa Gwom, ta kawo mana gwaten acca mai zafi da soyayyen dankali. Ta ce abin da za mu kashe a kan kabeji da karas na kwana biyu a Zariya, a nan sai ya kai mako.

Da safe muka nufi cocin, can wajen Kwararafa. Ban taɓa shiga coci ba a rayuwata. A bakin ƙofa na gamu da Mama, gajeriya mai fara'a, waya a kunne, mutum uku suna jan ta. Ta rungume ni, ta nuna wani benci a ƙarƙashin bishiya ta ce, "Ga Kaka can, ya gaji. Kar ka bari ya tafi." Ta wuce. A kan bencin akwai wani dattijo da malafa da sanda da kwat mai kyau, gefensa kuma wata tsohuwa siririya da rigar sanyi a kan zani. Na ce a raina, to ga kakan nan, har ya yi mini ado.

A ciki kuwa rikicewa na yi ta yi. Na zauna sai kowa ya miƙe, na miƙe sai kowa ya zauna. Na shirya kyamara a ƙofar da nake zaton amarya za ta shigo, sai ga mawaƙa. Matan zumuntar cocin suka taso da anko, suna kaɗa tulu da caki, suna waƙa da Hausar da nake ji sarai, sai dai ban san lokacin da za su juya ba, sau biyu na tsinci kaina a tsakiyar layinsu. Babu wanda ya harare ni, wata ma ta gyara mini igiyar kyamara. Iyaye mata duk atamfa iri ɗaya suka sa, don haka ban ga abin da zai nuna mini wace ce uwar wa ba.

Ana fitowa na tare ango tun kafin abokansa su sure shi, na ja shi har benci. Ya yi mini kallon mamaki, amma mutum ne mai kunya, ya gaida dattijon ya zauna. Dattijon nan kuwa kamar jira yake. Ya gyara malafa, ya ɗora hannu a kafaɗar ango, ya sara mini irin ta sojoji. Na yi mamakin mutumin da aka ce ba ya son hoto, na ce wataƙila farin ciki ne. Tsohuwar tana shiga gefen hoton, sai na ce, "Mama, don Allah ɗan matsa kaɗan." Ta matsa har ƙarshen benci. Ta ma karɓi jakata ta riƙe mini a cinya har na gama.

Sai da aka fara cin abinci a zauren biki na samu Mama, na kunna mata hotunan ina jiran yabo. Ta duba na farko, ta duba na biyu.

"Wannan ai tsohon maigadin coci ne. Ina Kaka?"

"Ba shi ne kakan ango ba?"

"Wane ango? Yarona shi ne amarya. Kaka mamana ne, shi ne ya zauna a bencin."

Sai a lokacin "ka" ɗin da take ce mini tun a waya ya dawo mini. Mutane da yawa a Jos Hausa ba ita suka tashi da ita ba, wasunsu da "ya" suke kiran mace da namiji, kuma kowa a garin yana gane wa ake nufi, sai ni baƙuwa. Amarya tana kusa, ta ji komai. Ba ta yi mini faɗa ba, idonta ne kawai ya cika, ta ce Kaka ta jima da tafiya tashar Laranto, kuma motar ƙauyensu sau ɗaya take tashi.

An toshe motar yayana ta gaba da baya. Amarya ta tattare farar rigarta a hannu, muka faɗa keke napep mu uku da Mama, yayana ya bi mu a wani da fitila. Hadari ya haɗu, mai keke yana ta tambaya ko angon ne ya gudu. A Laranto muka ratsa masu katako da masu lodin buhuna, har muka iske motar ta cika saura mutum ɗaya. Kaka tana can baya, a matse tsakanin buhun taki da wata mai kaji.

Mama ta roƙi direba, "Oga, yi haƙuri, minti kaɗan." Aka sauko da Kaka. Ta kalli jikarta cikin farar riga a tsakiyar tasha, ta sa gefen zaninta tana goge mata laka. Mama ta tambaye ta me ya sa ta tafi ba a ɗauke su ba. Ta nuna ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarta, ta ce, "Na jira shi tun safe. Ya ce in matsa, na matsa."

Da ƙyar nake gani ta cikin kyamara don hawaye. Amarya ta durƙusa, Kaka ta dafa kanta, yayyafi ya fara sauka, na ɗauka. A bayansu akwai buhuna da kaji da kwandasta yana leƙe, ban cire ko ɗaya ba.

Washegari muka kamo hanyar gida da buhun dankali da Mama ta tilasta mana. Har muka wuce Saminaka ina tunanin yadda na san fitila da kusurwa, amma ban san mutanen da aka kira ni dominsu ba. Duk mai son bin bukukuwa gari-gari, ya sani kowane gari da yadda yake magana, kuma tambaya ba ta rage wa ƙwararre komai. Yanzu in an ce mini ga wane, sai an kai ni gabansa an dafa shi. Na wanke hoton guda biyu, ɗaya na amarya, ɗaya aka kai ƙauye. Tsohon maigadi ma ya aiko a tambayi nasa, na aika masa.

Jiya Mama ta sake bugowa, ta ce Kaka ta rataye hoton a saitin gadonta. Sannan ta ce, "Ka shirya, yaron ƙanina zai yi aure bayan damina."

Na ce, "Mama, yaron nan, kwat zai sa ko farar riga?"

Ta yi dariya har da tari, ta ce farar riga.