Ruwan Rijiya a Kwalbar Magani

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Yekuwa. Zamanin Nasara ciwon ido ya kama ni, aka kai ni ɗakin magani na mishan a Dungas. Can na warke, can na ji labarin Yesu, na ba da gaskiya. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar shekarun nan ba. In ina ɗiban ruwa ko ina shara, ji nake Ubangiji yana kusa da ni kamar maƙwabci. Har yau ina marmarin kwanakin nan.

Malam Ishaya, tsohon da ke ba da magani, shi ya koya mini ɗiga maganin ido. Dokarsa ɗaya ce: kafin ka taɓa idon mutum, ka dube shi, ka yi masa addu'a a zuci, ko da kalma uku ce.

"Malam, ranar kasuwa fa? Mutane har bakin zaure," na ce masa.

"Allah ba ya hutun ranar kasuwa, ɗana," in ji shi.

To, ni mai gaggawa ne. Na fara taƙaita addu'ar, daga baya na bar ta gaba ɗaya. Ba wanda ya sani, tunda abin a zuci ne. Sai na daina ganin mutane, idanu kawai nake gani a jere. Ranar Lahadi kuwa muryata ta fi ta kowa a waƙa.

Ana nan wani ɗan kasuwa daga ƙetaren iyaka ya ja ni gefe, ya nuna mini riga mai aiki, ya ce rabin kwalbar maganin ido kaɗai yake so a madadinta. Na zuba masa, na cika sauran da ruwan rijiya. Da ina addu'a a kan masu zuwa, da hannuna bai iya ba. Na ci gaba da sayarwa, kafin kaka ta zo, kwalbar ta zama ruwa zalla da ɗan gishiri, don ta yi zafi a ido.

A lokacin ne Baba Nomau, mai haƙar rijiya daga Bande, ya zo da idanu jawur. Sati uku yana zuwa a kan takarkari, ina ɗiga masa ruwa, yana sa mini albarka. A sati na huɗu matarsa ce ta jawo shi da sanda. Malam Ishaya ya ɗauki kwalbar, ya ɗanɗana, ya dube ni. Sai hawaye suka zubo masa.

Gardi, wato ƴan sandan Nasara, suka kai ni Magaria, kwamandan gari ya yanke mini shekara biyu a gidan kaso. Muna ɗaukar jar ƙasa a ka muna gyaran hanya. Dukan da ake mana bai dame ni ba kamar yadda na buɗe baki in yi addu'a na rasa ta inda zan fara. Wata takwas ina haka. Ranar da Malam Ishaya ya kawo mini fura, na ce, "Baba, Allah ya daina ji na."

"Kai ka fara daina jin sa. Koma ka fara da kalma uku."

Na fara da "Ubangiji, ga ni."

Da aka sake ni, ban je gida ba, Bande na nufa. Na tarar da Baba Nomau zaune a gindin bango da jaririya a cinya. Na durƙusa na faɗa masa kome. Da na gama, ya ce ya yafe. Sai ya ɗaga yarinyar.

"Jikata ce, bayan abin aka haife ta. Kai da ke da ido, faɗa mini, wa ta ɗauko?"

Shi ta ɗauko, goshi da hanci. Da ƙyar na iya faɗa.

Samari, ba da sata na fara ba. Da barin ƴar addu'a na fara, ranar da aiki ya yi yawa. In kuna noma, in kuna awo, in kuna ɗinki, kada ku bar Ubangiji a majami'a ku tafi aiki ku kaɗai. Ya gafarta mini, na sani, amma gafarar ba ta buɗe idon Baba Nomau ba. Ya rasu yarinyar tana shekara tara, bai taɓa ganin fuskarta ba.