Tigiran Wa?

Da matar ƙanena ta haihu, aka mayar wa jaririn sunan marigayi babanmu. Nan rigima ta tashi a gidanmu na unguwar Ƙurban, a ƙasar Larabawa, don Inna ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, yana raye ko yana kabari. Dole a nemo laƙabi, in ba haka ba tsohuwa ba ta da abin kiran jikanta.

Mai jego 'yar Sham ce, kakanta kuma asalinsa Armeniya. Ta ce a kira yaron Tigran, sunan kakan nata.

Inna ta karkato kunne. "Tigiran wa?"

"Tigran bas, ya Inna," in ji ƙanena, wanda Hausarsa duk ta jiƙe da Larabci.

"Kai, rufe mini baki! Ka taɓa jin an ce Sarkin, an yi shiru? Ko ɗan? Tigiran wa? Tigiran ina?"

Ya zaro waya yana karanto mana. Wai sunan sarakunan Armeniya ne na dā can, tushensa Farisanci, daga kalmar kibiya, kuma harafin ƙarshen nan gadonsa ne, ba ya jiran kowa.

"To da mace ce fa? Tigirar?" Inna ta tafa hannu. "Sarki guda a bar sunansa baki buɗe! Ni ba na kiran suna marar mai shi."

Muka yi ta dariya, amma wallahi abin ya dame ni. Har aka yi arba'in Inna tana cewa "miƙo mini wannan". Mai jego ta ɗauka ƙin jininta ake yi, ta rage hawowa sama wurinmu.

Ran nan da hantsi yaron ya ƙware da nono a falo. Kafin mu motsa Inna ta sure shi, ta kifa a kafaɗa tana bubbuga bayansa. "Yi numfashi, Tigirana! Haba Tigirana!"

Ya yi gyatsa, ya tsala kuka. Ƙanena ya sake lalubo wayarsa.

"Inna, wallahi a tsohon Farisancin haka yake. Tigrana."

"Ba na faɗa muku da saura ba?"

Na fassara wa mai jego cewa a Hausa wannan "na" ɗin nawa take nufi. Ta rufe fuska da mayafi. Inna kuwa ba ta dubi kowa ba, tana ta jijjiga mai sunan mijinta tana cewa nata ne.