Kunyar 'Yar Fari a Gaban Alƙali

Tambayar farko da alƙali ya yi mini ita ce wai ko yarinyar da ke zaune a bencin gaba 'yata ce. Na dubi tafinta, na dubi ƙasa. A bainar jama'a, ga ƙanen marigayi mijina zaune da hularsa a gwiwa, a tambayi mace irin wannan magana? Na ce, "'Yar Yaya ce."

Tafinta ya juya maganar zuwa Faransanci yadda na faɗe ta, bai ƙara mata gishiri ba. Lauyanmu ya dafe kai.

Ni na haife ta, wannan ba abin musu ba ne, rabin Zongo sun ci tuwon sunanta. Amma 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijina aka sa mata. Mu haka muka taso: mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane, ba ta cewa nata ne. Kakanninmu sun taho da wannan kunya daga Katsina, mu kuma a Lome muka riƙe ta fiye da Katsinawan ma. Da aka yaye yarinyar, yayata, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo ta goya ta, ta tafi da ita gidanta a Avédji. Babu takarda, goro kawai aka raba. Ta tashi tana kiran Yaya Mama, ni kuma Anti.

Rigimar ta taso ne da mijin Yaya ya samu zama a Beljiyam ya aiko mata ta bi shi. Turawa suka ce yarinya ba za ta shiga ƙasarsu ba sai kotu ta mayar da ita 'yar Yaya a doka. Yaya ta tafi, aka dawo mini da yarinyar da akwatinta, tana ramewa, kullum kunnenta a waya. Abin da ake nema a wurina kaɗan ne, in ji lauya: in ce tawa ce, in faɗi sunanta, in ce na bayar.

Sai ga alƙali ya ce to, in faɗi sunan. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai yana cikin takardar da ke gabanka, kuma ka fi ni karatu." Aka ɗage shari'a, wai za a yi bincike.

Mata biyu aka turo daga ofishin kula da yara. Suka same ni a ƙofar gida ina suyar waina, sana'ata ke nan. Suka ce in zauna kusa da yarinya su ga yadda muke. Na zauna, na sa autana a tsakaninmu. Suka tambaye ni abincin da ta fi so. Na sani sarai, wainar da gefenta ya ƙone take so, kullum ina tura mata irinta gefen tire kamar ban lura ba. Na ce su tambayi Yaya. Suka kalli juna, suka yi ta rubutu, suka ci waina, suka tafi.

Hukuncin da ya fito har yau in na tuna sai in yi dariyar takaici. Kotu ta ce ba ta gamsu ni ce uwar ba, don haka ba ni da ikon bayarwa. Yaya kuma ba uwa ba ce, don haka ba ta da ikon ɗauka. Yarinya mai uwa biyu ta wayi gari ba ta da ko ɗaya.

Muka ɗaukaka ƙara. A nan na san ashe ɗage shari'a sana'a ce mai zaman kanta. Yau alƙalai suna hutu, gobe ruwa ya cinye hanya, jibi an canja wa ɗaya wurin aiki zuwa arewa kuma shi kaɗai ya karanta maganarmu. Mai zem, wato ɗan acaɓan da ke ɗaukata, ya daina tambayar inda za ni. Da na ga asarar ciniki ta yi yawa, sai na fara tafiya da tiren waina ina ajiyewa a bakin ƙofar kotu. Ma'aikatan suka saba da ni, wani har yana tambayata dalilin da ban fito jiya ba. Na ce jiya ba ni da shari'a. Ya ce, "Au, shari'a kike da ita a nan?"

Lauyanmu ba Bayerabe ba ne, ba Bahaushe ba ne, ɗan ƙabilar Ewe ne mai haƙurin gaske. Ya kira ni ofishinsa a Cacavéli don mu yi gwaji. Ya jawo kujera ya ce in ɗauka ita ce yarinyar, in nuna ta in ce 'yata ce. Na ce ni ban haifi kujera ba, kuma ba zan fara ƙarya da tsufana ba. Ya kira Yaya a waya ta yi mini magana.

"Ke," in ji ta, "wannan kunyar taki ita za ta kashe ni a ƙasar sanyi!"

Na ce, "Yaya, wa ya harare ni ranar da na ɗauke ta a gaban surukata? Ba ke ba ce?"

Na je wajen limamin unguwarmu ma. Ya yi mini wa'azi mai daɗi, ya ce wannan al'ada ce kawai, babu ita a littafi, in buɗe baki in faɗi. Na ce na gode, Malam, af, yaya ma sunan babban ɗanka? Ya yi tari, ya gyara rawani, ya ce, "Wanda ke shago a Assiyéyé kike nufi?"

Ana haka yarinya tana girma, lauya kuma yana tuna mana cewa in ta wuce wasu shekaru ƙofar za ta rufe gaba ɗaya. Wata rana da la'asar tana wanke mini tanda, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Anti, s'il te plaît, don Allah, ki faɗa musu kawai. Ko ba haka kike ji a ranki ba, ba komai, ki faɗa."

Ban taɓa jin magana ta soke ni kamar wannan ba. Duk abin da nake ɓoyewa don girmansa, ita ta ɗauka babu shi ne. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka goya ta aka fita da ita.

Ranar da aka kira mu da gaske, alƙalai uku ne a sama, ɗakin cike da masu jiran tasu shari'ar. Ta tsakiyar, mace ce mai tabarau, ta ce ko na san wannan yarinya. Na ce, "'Yata ce. Ni na haife ta." Ƙanen mijina ya sunkuyar da kai. Ta ce in faɗi sunanta.

Bakina bai san nauyin sunan ba, sai ya fito da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa yaro daga tsakar gida. Yarinyar ta yi zumbur ta miƙe ta juyo.

"Na'am?"

Wasu suka yi dariya, ɗan sanda ya tsawatar. Ita kuwa tana tsaye tana kallona, tana jiran in faɗi abin da na kira ta dominsa. Ni ma na kalle ta sosai, a gaban kowa, na ga ashe goshin mahaifinta ta ɗauko. Na ji ina so in kama hannunta mu koma gida, kotu ta ci kanta.

Alƙaliya ta ce saura tambaya ɗaya: na yarda in bayar da ita, ta zama 'yar wata har abada? Tafinta ya maimaita mini, don ya zaci ban ji ba.

Na ce na yarda. Sannan na ce da yarinyar ta zauna, ba komai, kira kawai na yi.