Tagar Shanun Kawu

A shekarata ta biyu a makarantar koyon kwamfuta da ke Kazaure aka fara koya mana tsara tagogin manhaja. Malaminmu ya buɗe wani fili mai ruwan toka a fuskar kwamfuta, cike da ɗige-ɗige a jere kamar gonar da aka gama yi wa saran shuka. A gefe ga kayan aiki: maɓallai, akwatunan rubutu, gurbin hoto. Sai ki kama abu da linzamin kwamfuta, ki ja shi, ki ajiye inda ranki ya so. In ya yi ƙanƙanta ki kama kusurwarsa ki miƙe shi.

Bayan azahar ɗakin yakan yi tsit, sai ƙugin janareto daga nesa. Nakan zauna inda nake hango duwatsun gari, in yi ta jan maɓalli ɗaya gaba da baya ba don komai ba. Wani lokaci sai in farga na daɗe ina sauya wa taga launi, daga shuɗi zuwa kore, hankalina kuwa yana can rugarmu ta bayan Gwiwa.

Da aka ce kowa ya ƙirƙiri manhajar da za ta amfani wani nasa, kawuna ne ya faɗo mini, yayan mahaifiyata. Yana noma, yana kuma kiwo. Na ƙudurta zan yi masa wurin rubuta kowace saniya: lambarta, kamanninta, ranar da ta haihu, ranar da aka yi mata allura. Mako uku ina jera akwatuna ina daidaita bakinsu. Hoto a hagu, rubutu na biye da shi zuwa dama, maɓallin adanawa a ƙasa.

Ran wata Asabar na ari laftof ɗin ƙawata, na hau acaɓa. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu. Na iske Kawu gindin tsamiya yana tufkar igiya. Inna yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Bayan mun gaisa na zauna gefen tabarma na buɗe masa aikina. Don ya gani sosai, sai na faɗaɗa tagar ta cika fuskar kwamfutar. Nan take duk abin da na jera ya cure a kusurwar sama, kamar tumakin da ruwan sama ya rutsa da su, sauran filin ya zama wayam.

Kawu ya leƙo ya ce, "Inna, me ya firgita su?"

Na ce, "Ban ɗaure su ba ne, Kawu. Kowane akwati sai an nuna masa gefen da zai riƙe."

Ya ce, "To ɗaure su mana. Ba sauri muke ba."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya riƙe sama, wancan ya miƙe tare da taga. Da na gama, sai ya ɗora yatsa a gefen dama yana nema.

"Ina farkon?"

Na nuna masa hagu.

"Wannan ai ƙarshe ne," in ji shi.

Sai a lokacin na tuna Kawu da ajami yake karatu, idonsa daga dama yake tashi. Na kwashe komai na juya, hoto ya koma dama. Akwatin lamba kuwa ya ce in cire, shi bai taɓa kiran saniya da lamba ba.

"Sa wurin uwa a sama. Saniya ta uwarta ake saninta."

Na jawo sabon akwati na ɗora a sama. Daga nan ya fara zayyano su, idonsa a lumshe, igiya a cinya. Fara mai karyayyen ƙaho, 'yar jar nan da aka zo da ita daga ƙetaren iyaka. Jar kuma 'yar wata baƙa ce da mahaifinsa ya ba shi ranar da ya sauke Alƙur'ani. Da farko ina rubutawa, can sai hannuna ya tsaya. Iska na kaɗa gero, shanun da suka mutu tun ba a haife ni ba suna wucewa ta gabana ɗaya bayan ɗaya, har ina jin kamar zan ƙirga sawunsu. Ban san sa'ad da cajin ya ƙare ba. Shi ma bai lura ba, ya ci gaba har la'asar.

Ranar duba aiki malam ya tambaye ni dalilin da tagata ta faro daga dama. Na gaya masa. Ya ƙare wa tagar kallo, sannan ya ce, "Bar ta haka."

Kawu bai taɓa danna maɓalli ko ɗaya ba har Allah ya karɓi ransa. Shanu huɗu kaɗai na samu shigarwa a wannan yini. Sauran na ji su da kunnena sau ɗaya, gindin tsamiyar nan, ban kuma sake samun mai faɗa mini su a jere ba.